Injin Zoɓon da Umma Ta Saya

Yana danna injin ɗura gas, kwalbar ta yi tsalle, kumfa ta feshe har silin. Giyar da ta yi makonni tana tsima a bokiti, a ɓoye cikin banɗaki, ta malale a ɗakinsa na Wangsa Maju. An rubuta a jikin kwali cewa ruwa zalla ake ɗura wa gas, amma wa ya tsaya karantawa?

Ummansa ce ta saya masa injin ranar da ta rako shi Kuala Lumpur. Wai ya riƙa haɗa zoɓo mai gas, ko ya manta da abin da ya kusa kashe shi a Kano. Ƙasar Musulmi ce, in ji ta, ba abokan banza.

Wayarsa ta yi ƙara.

"Auta, injin nan yana aiki kuwa?"

"Yana aiki, Umma. Yanzu ma na gama haɗawa."

"Alhamdulillahi. Jiya na ce wa Babanku yaron nan ya shiryu, har hawaye ya yi wallahi. Ka sha ka ƙoshi, ka ji?"

"To, Umma."

Ya ajiye wayar, ya ɗauko tawul, ya durƙusa yana goge tayil. Ya tsane ɗakin tas, har ƙarƙashin gado inda ƙura ta taru. Ya nufi banɗaki zai wanke, sai ya tsaya a bakin ƙofa.

Ya dawo, ya jawo kofi, ya fara matse tawul ɗin a ciki, a hankali, kada ko ɗigo ya zube.