Kontar Motar Elhaji Arzika

Ƙaramin ƙarfe mai kamar ƙwayar gero ya kuɓuce daga yatsun Cindo ya faɗa cikin yashi. Ya durƙusa yana lalube. Duk Dakoro ba mai sayar da irinsa, kuma idan babu shi maɓallin kujerar ba zai yi aiki ba.

Motar ta surukinsa ce, Elhaji Arzika, tsohuwa mai shan gazuwal, irin wadda kujerarta ke matsawa da lantarki. Kwana uku ke nan da kujerar ta maƙale can baya, ƙafar Elhaji ba ta kai totur. A ranar ce kuma konta, agogon nan mai ƙirga kilomita, ta tsaya cik. Tun daga lokacin tsohon bai sa komai a bakinsa ba, ko fura.

Elhaji ya yi shekara talatin yana tuƙi tsakanin Dakoro da Maradi, kuma taurin kansa ya fi na motar. Ido ya rage, kunne ya yi nauyi, amma ba wanda ya isa ya ɗauko 'yarsa Munira, matar Cindo, daga makarantar ungozoma a Maradi sai shi da kansa. Motar da ba ta ƙirga kuwa, a wurinsa ba tafiya take yi ba.

Uwale, matar Elhaji, ta kawo wa Cindo ruwa. Idonta ya kumbura.

"In bai ci yau ba, ban san abin da za ni yi ba," ta ce.

"Kwantar da hankalinki, Inna. Kahin azahar an gama."

Ya tsinci ƙarfen a gefen takalminsa. Ya shimfiɗa rigarsa, ya zazzage cikin maɓallin a kai, ya kankare tsatsar da bakin reza, ya wanke da esansi, wato fetur. Ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe numfashi. Wani makanike da zai fara da inji ne. Cindo ko kallon gaban motar bai yi ba.

Konta ta fi ba shi wahala. Da ya ɓalle gilashinta, sai ya tarar haƙori biyu na ɗan gurgurin roba mai juya lambobi sun ɓare, robar ta yi laushi kamar tsohon sabulu. Ya ciro wani daga mataccen agogo da ya ajiye a garejinsa, ya goge shi da zarto har ya zauna. Zuciyarsa ta yi nauyi, kamar yadda take yi duk ranar da ya shiga motar nan.

Ya ɗaura batir. Ya danna maɓalli, kujera ta yi gurnani ta taho gaba.

Aka fito da Elhaji cikin farar riga, Uwale na riƙe da hannunsa. Maƙwabcin da ke leƙe ta katanga ya sunkuyar da kai ya koma. Tsohon ya zauna, ya danna maɓallin da kansa har ƙafarsa ta taka totur. Ya gyara tabarau, ya murɗa makulli, ya kusanto da fuskarsa daf da konta.

Lamba ta juya.

"Yauwa!" ya ce, fuskarsa ta washe. "Uwale, miƙo mini hurar nan in sha, hanya da nisa." Ya shanye ƙwarya guda ba ɗagawa. Sannan ya dubi Cindo. "Kai kuma ka tahi ka share ɗaki. Matarka na tahe kahin la'asar."

"To, Baba. Allah shi kiyaye hanya."

Cindo ya rufe masa ƙofa a hankali. Elhaji ya kama sitiyari da hannu biyu, idonsa a kan lambobin. Biyar. Goma sha biyu. Talatin. Kullum wajen sittin barci ke ɗauke shi, in ya farka kuma ya manta, sai gobe.

Cindo ya zaga baya ya zauna a ƙasa, ya jingina da motar, yana sauraron ɗan injin goge gilashi da ya haɗa da wayar konta yana juya ta. Ya rufe fuskarsa da hula, kukan ya zo masa.

Shekara shida ke nan motar na kan duwatsu huɗu a tsakar gidan, ba taya ba inji, tun ranar da aka jawo ta daga hanyar Maradi, aka fitar da Elhaji da rai, aka fitar da Munira a lulluɓe.