Jar Ƙasar Gindin Dogonyaro

Ina aji huɗu a Gwandu, malamar aikin hannu ta ce kowa ya gina gidansu da laka a kan katako. Na gama ɗakuna, sai tsakar gida ta gagare ni. Ƙasar fadama ta yi baƙi, ta bakin hanya ta yi fari, ni kuwa ja nake so, irin daɓenmu.

Da la'asar na same ta a bayan gida, gindin dogonyaro, wani ɗan tudu mai danshi yana ƙamshin ruwan farko. Na cika kwano, na shafe katakon sumul.

Baba ya dawo daga masallaci, na kai masa ina jiran yabo. Ya murza ƙasar da yatsa.

"Ina kinka ɗebo wagga ƙasa?"

Na faɗa masa.

"Ƙanenki na kwance nan. Jiya munka sa shi."

Ni an ce mini Inna da jinjirinta suna asibiti.

Baba ya kankare ƙasar cikin tafinsa, ya zagaya ya mayar. Yau ni ke koyar da aikin hannu, kuma ban taɓa tura yaro neman jar ƙasa ba.