Takardun Goge Baki na Kawu Eusebio

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan.

Ranar da aka sallame ni daga aiki, na ja ƙafa zuwa mashayar Kawu Eusebio don in roƙe shi ya ɗauke ni. Ba mai saye ko ɗaya, amma ƙasa cike take da takardun goge baki. A unguwarmu a Madrid, da haka ake gane wurin da ke ciniki.

"Yanzu suka watse, 'yata," in ji shi, yana turo min giya da farantin zaitun. "Sun kusa kashe tsoho!"

Makullina ya faɗi, na sunkuya. Takardun duk fes suke, ko ɗigon mai babu. Ashe shi ke dunƙule su yana zubarwa.

Ban roƙe shi aikin ba. Washegari na zo da kwalbar mai, muka zauna muna shafa wa takardun, don su yi kama da waɗanda aka goge baki da su.