Lamba Uku

Ta tarar da yayanta direba kwance a ƙofar sito, baki duk jini, Sarkin Gadi na tafka masa wayar wuta. Ma'aikata sun kewaye su, kowa da sanda.

"Kwamfutarki ce ta tona shi, Injiniya," in ji Manaja. "Ta ce lamba uku ne ya buɗe sito ranar da janareta ya ɓace. Ga takardar masu katin ƙofa, yayanki ne na uku."

Sarkin Gadi ya take masa yatsu da takalmi. Ta ji ƙarar ƙashin har cikin haƙoranta.

Ta karɓi takardar ta duba. Ita ta rubuta manhajar ƙofar, ta san halin kayanta.

"Ranka ya daɗe, kwamfuta ba ta fara ƙirga jeri daga ɗaya, daga sifili take farawa. Kai da kake na farko a jerin, kai ne sifili. Ukunta shi ne na huɗu a takardarka."

Manaja ya sauke yatsa layi ɗaya, ya ɗago kai a hankali ya dubi Sarkin Gadi.

Wayar ta suɓuce daga hannun Sarkin Gadi. Babu wanda ya ajiye sandarsa. Juyowa kawai suka yi.