Hannun Rigar Baba a Kasuwar Wurno

Kwanan baya ƙanena ya turo mini wani tsohon hoto a waya: kasuwar Wurno ta da, rumfunan zana da tulin albasa, ga Baba ya lulluɓe wani yaro da hannun babbar rigarsa. Ni ne yaron.

Ranar da la'asar mai hoto ya shigo kasuwa, Baba ya kira ni mu tsaya tare. Yayyena sun taɓa ce mini na'urar tana tsotse jinin yara. Da mutumin ya saita ta kaina, sai na ji ɗumi yana gangarowa cikin wandona, ga jama'a suna kallo.

"Mi ya same ka?" in ji Baba a hankali. Ya dubi ƙasa, ya gane. Ya jawo ni jikinsa, ya saki rigar ta rufe ni har ƙafa. Warin albasa da zufa ya cika mini hanci.

"Tsaya hakanan, ɗana. Babu wanda yag gani."

Yanzu 'yan garinmu suna ta yaɗa hoton, suna tuna rumfunan da suka ɓace. Ni kuwa har yau in na dube shi sai na sunkuyar da kai. Har Baba ya rasu, ko Inna bai faɗa wa ba.