A Bayan Motar Gyaɗa

Da motar gyaɗa ta tsaya a Daddara don a zuba mata ruwa, direba ya leƙo baya ya ce, "Baiwar Allah, ya jikin maigidan?"

"Da sauƙi," in ji ta. "Barci ya samu, kar ka tashe shi."

Da hantsi maciji ya sare shi a gonarsu ta bakin iyaka. Mota ɗaya ce mai zuwa asibitin Katsina ranar, kuma sai da ta ba da akuyarta da awarwaron aurenta aka ɗora su bisa buhuna.

Ta ci gaba da yi masa fifita, tana ɗaga murya: "Malam, in ka warke ba ka ƙara shiga ciyawa ba takalmi!"

Tun suna fita Jibiya hannunsa ya yi sanyi cikin nata. Amma ta san dokar direbobi: kuɗin gawa daban ne, wanda ba shi da su a daji ake sauke shi. Ita kuwa ba abin da ya rage mata.

Mota ta tashi. Ta danne kuka, ta gyara masa hula, ta shiga ba shi labarin geron da za su girbe.