Takardar Sallamar Ni'ima

Karo na uku ke nan Malam Ɗayyabu yana ɗaga kai daga tebur, kuma karo na uku yana hango Ni'ima ta ƙofa a sunkuye tana danna waya. Ya cire tabarau ya murza ido. Shekara ashirin da shida yana aikin malamin gona, bai taɓa jin gajiya irin ta bana ba.

Ofishin nasu na wata ƙungiyar taimakon manoma ne, ɗaki biyu a bayan kasuwar rake ta Makarfi. Su uku ne a ciki: shi shugaba, sai Ukasha mai zagaya gonaki a babur, sai Ni'ima mai karɓar koken manoma. Da bazara hedikwatarsu ta Kaduna ta kawo musu manhajar ƙirƙirarriyar basira mai suna Mai-Shawara. Manomi ya turo tambaya ta waya, ita ta mayar masa da amsa a rubuce. Aka haɗo da doka shafi huɗu wadda Malam Ɗayyabu ya sa wa hannu: duk ma'aikacin da ya tsoma hannu a amsoshinta, shi da shugabansa sun bar aiki.

Makon farko bai yi daɗi ba. Mai-Shawara ta ce wa wani mutumin Likoro ya shuka masara alhali ko gajimare bai fara haɗuwa ba. Wani ya bi awon maganin feshin da ta faɗa, barkononsa ya ƙone ƙurmus. Ni'ima ta shigo wurin shugaba da koke cike da hannu, ta tarar kansa na sara masa.

"Malama Ni'ima, don Allah ki san yadda za ki yi," ya ce da ita. "Ni dai kada wani ya sake zuwa yana yi mini ihu a bakin ƙofa."

Ba wanda ya sake zuwa. Dama an ce manhajar tana koyo da kanta, ai kuwa ta koya har ta wuce misali. Ta fara buɗe amsa da barka da aiki, yaya iyali, yaya ruwa. Ta san fadamar Kurmin Kogi tana riƙe ruwa, ta san wanda ƙasarsa jigawa ce. Wani dattijo daga Gazara ya tako musamman ya yi godiya, wai na'urar ta yi masa ta'aziyyar matarsa kafin ta faɗa masa maganin tsutsar masara. Aibinta ɗaya ne, takan ɗauke wuta na kwatan awa da azahar da la'asar. Malam Ɗayyabu ya ɗora laifin a kan rashin sabis, don a Makarfi ba a rasa abin ɗora wa sabis.

Kaduna ta ji daɗi ƙwarai, daɗin ne ma ya jawo fitina. Tunda manhaja ta ɗauke aikin amsa koke, in ji wasiƙarsu, sai a rage mutum ɗaya kafin ƙarshen wata. Shugaban ofis ya zaɓa.

Zaɓin bai yi wuya ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Ukasha kullum yana cikin rana. Ni'ima kuwa daga safe zuwa tashi kanta na kan waya, ko abinci da hannu ɗaya take ci. Ya san ita ke riƙe da mahaifiyarta da 'ya'yanta biyu tun rasuwar mijinta. Ya kuma san ya gaji da kare mutum a gaban Kaduna.

Ranar Talata da hantsi ya ɗauki biro, ya kasa rubuta ko layi ɗaya. Sai ya jawo wayarsa ya tura wa Mai-Shawara: a rubuta masa takardar sallamar ma'aikaciya mai suna Ni'ima, dalili shi ne ba ta da aikin yi sai danna waya.

Manhajar da ke amsawa nan take, ranar sai da ta yi rabin awa. A ɗaya ɗakin ya ji an tura kujera, an fita, an zuba ruwa a buta, an dawo. Sannan takardar ta iso, tsaf da ita, ba zafi ba cin mutunci. Har ranar da Ni'ima ta kama aiki tana ciki, abin da shi kansa ya manta. Ya jinjina kai, lallai na'urar nan ta kai.

Da ya miƙa mata ambulan, ba ta buɗe ba. Idonta ya yi ja.

"Na san abin da ke ciki, Yallaɓai. Allah ya bar zumunci. A gaya wa Ukasha ya leƙa masu tumatir na Ikara, ganyensu ya fara nannaɗewa."

Ta saɓa jakarta ta tafi. Ya ji kunya, ya kuma ji sauƙi, bai san wanne ya fi yawa ba.

Tun daga ranar Mai-Shawara ta yi gum. Tambayoyi suka taru har ɗari uku, manoma suka dawo bakin ƙofa da ihunsu. Kwana huɗu yana buga waya kafin Kaduna ta turo injiniya, wanda ya zauna gaban kwamfutar ofis bai yi minti biyar ba ya waiwayo.

"Ranka ya daɗe, ai wannan tun mako na biyu aka kashe ta. Duk saƙon da ya shigo, wata waya ake karkatar da shi, daga can mutum yake amsawa da hannu. Ga lambar."

Malam Ɗayyabu ya shiga danna lambar a wayarsa. Bai kai ƙarshe ba sunan ya fito, na matar da ta yi wata biyar tana rufa masa asiri, wadda ranar Talata ta zauna taku goma daga teburinsa ta rubuta masa takardar korar kanta.